Shafi Biyu da Ba Ki Karanta Min Ba

…kuma shafi biyu ne fa, Yaya, ba ɗaya ba. Biyu cur. Ga su a kan cinyata, ko ɗumin injin da ya buga su bai gama fita ba. Ina juya su, ina sake juyawa, tabarau a kan hanci, na ɗaure fuska irin ta masu nazari kamar yadda kika koya min — kada ki yi saurin buɗe shafi, kika ce, mai karatu ba ya gaggawa. Mai Hoda, mai yi mana kwalliya, tana tsaye a kaina da soso. "Ɗaga haɓa, Hajiya, yau wuyan nan naki ya riga fuskar tsufa." Ina ɗagawa. Har dariya nake yi. Dariyar ta fito daidai, to me zai hana, shekara ashirin da uku ina fitar da dariya a lokacin da aka ce in fitar.

Minti ashirin, in ji darakta. Da kansa ya leƙo, ya miƙo min takardun da hannu biyu, mutumin kirki ne wallahi, ya ce marubuciya ta canza fitowar ƙarshe da safen nan, waccan da na haddace an jefar da ita. "Ke ai ba a jin ki, Inna, kallo ɗaya za ki yi musu." Kallo ɗaya…

Ina kallonsu. Su ma suna kallona.

Tururuwa. Tun ina 'yar shekara bakwai haka baƙaƙen nan suke yi min, da na zuba musu ido sai su fara tafiya, wannan ya hau kan wancan, na layin sama ya gangaro na ƙasa. Malama ta yi duka har ta gaji, Baba ya ce a bar yarinya ta huta. Kalma ɗaya tak na sani a duniyar nan, ita ma don kin nuna min siffarta ne, wadda ta fara da harafi mai kama da ƙoƙo a buɗe — Ungozoma, matar da nake zama a cikin akwatin talabijin. Ga ta nan a saman shafi. Ƙarƙashinta kuwa baƙi ne cunkus har ƙasa, ya tsallaka ɗaya shafin ya ci gaba. Duk nawa ne. Duk ni zan faɗa. Kuma babu jan alli ko ɗaya a jiki…

Jan allinki na ɗinki. Bayan la'asar, kin ɗauke ƙafa daga kan keke, kin goge hannu a zani, kin ce kawo mu gani me suka rubuto yau. Ni a ƙasa, a kan tabarma, bayana a jikin ƙafar keken, ƙyallaye sun maƙale min a siket. Sau uku. Ba a taɓa yin huɗu ba, ba a taɓa tsayawa a biyu ba. Na farko ki karanta shi gaba ɗaya kamar tatsuniya, ke ce miji, ke ce mata, ke ce likita mai ƙaton ciki, har kukan jariri ke ce. Na biyu nawa kaɗai, inda kika ja wa alli. Na uku ki zama kowa, ni in amsa. Shi ke nan ya zauna. Ya zauna daram kamar an dasa, Yaya, har yau ban san ta ina yake shiga ba, ban san inda yake kwana ba. Na san dai in aka ce a fara, sai in buɗe baki in same shi a bakin ƙofa yana jira.

Shi ya sa nake da maganar kowa a kai. In wani ya manta tasa sai in raɗa masa ta gefen baki. Suka ce duk gidan nan babu mai karanta takarda daga farko har ƙarshe sai Inna. Ku yi koyi da Inna. Wayyo ni… da na dawo na faɗa miki, sai da kika ajiye almakashi don dariya.

"Rufe ido." Ina rufewa. Buroshin yana yawo a fatar idona, sanyi-sanyi.

Ni fa ranar farko kaya kawai na kawo musu. Ko kin manta? Riguna shida da kika ɗinka wa 'yan wasa, kika ce in kai tunda ƙafarki ta kumbura. Ina jira a gindin bene, aka bar ni da mata masu shara, to zaman shiru ba nawa ba ne, sai na kama kwaikwayon maigadi — yadda cikinsa ke riga shi shiga wuri, yadda yake tambayar mutum sunansa sau uku don a san shi ne mai ƙofa. Matan nan har da zama a ƙasa. Ashe wani yana tsaye a kan bene da kofin shayi. Ke, sake yi. Na sake. Ya miƙo min takarda shafi huɗu, ya ce ranar Litinin. Shekarata talatin da tara, mijina bai cika shekara a ƙasa ba, ban taɓa ganin kyamara ido da ido ba. Na taho gida da takardar nan a cikin mayafi kamar na ɗauko garwashi. Na ce mayar musu zan yi. Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce zauna, shashasha, ai ba da ido ake magana ba.

Ba da ido ake magana ba. To yau da me zan yi ta?

Minti goma sha biyar, ko ma ba su kai ba. A bango akwai agogo, shi kam na iya shi, hannuwa gare shi kamar mutum.

In ce tabarau ne? Ga shi a hancina. In ce kaina ke ciwo? Za su kawo magani, su jira, su sake miƙo min. In ce wa Mai Hoda, 'yar'uwa karanta min nan, idona na yaji? Sau ɗaya za ta karanta, da sauri, tana taunar cingam, ta ce to ci gaba da kanki. Kuma bakinta… Allah ya shirya bakin nan, kafin azahar har masu wankin mota sun ji. A ce Inna? Innar da hotonta ke manne a bangon makarantun 'yan mata, ta rungume littafi tana murmushi? Ranar ɗaukar hoton nan ma a kife na riƙe littafin. Kina can bayan mai hoto kina juya tafin hannu, kina juyawa, kina zare min ido, ni kuwa na ɗauka cewa kike in gyara ɗankwali. Yara nawa suka tsayar da ni a hanya, Inna saboda ke na koma aji. Wata har da kuka. Na shafa kanta na ce ki dage, 'yata, karatu haske ne. Kuma ban yi ƙarya ba, Allah ya sani, wa ya fi ni sanin haske ne? Wanda ke zaune a bakin ƙofa yana hangensa a ɗakin wani ai shi ya san shi.

Mijina ma, Allah ya jiƙansa, ya tafi yana zaton ƙyuya ce ke hana ni buɗe wasiƙa. Ke kaɗai kika sani. Mutum ɗaya a duk faɗin ƙasa, kuma mako uku ke nan da aka fita da ke a makara ta ƙofar da nake shiga kullum.

Ba kunyar kaɗai ba ce, kin sani. Marubuciyar nan tun bara take tambaya ko lokaci bai yi ba da Ungozoma za ta tafi wurin 'yarta a wani gari, ta huta. Haka ake yi mana a nan, ba a kashe mutum, tafiya ake tura shi. A ba ka jaka, ka ɗaga hannu a bakin mota, shi ke nan. In suka ji cewa kowane mako sai an nemo mai karanta wa tsohuwa… wa zai ɗauki wannan? Jakar tana nan a ɗakin kaya, na gan ta, ruwan ƙasa ce, mutum huɗu sun riga ni tafiya da ita.

Amma dubi abin mamaki, Yaya. Dubi fa. Matar nan da ke cikin madubi. Mai Hoda ta ɗaura mata farin ɗankwali, ta zana mata layi biyu a gefen baki, sai ga ta — ba ni ba, ita. Kafaɗunta sun fi nawa faɗi. Ita ba ta tsoron kowa. Ni da ban taɓa haihuwa ba, ban taɓa jin motsin ɗa a cikina ba ko na kwana ɗaya, an ce jarirai ɗari biyu da wani abu suka faɗo a hannuna a cikin akwatin nan, wani mai son lissafi ne ya ƙirga. Mata na kawo min cikinsu a kasuwa in taɓa. Maza na rage murya in na wuce. Daga ina? Daga bakin tela mai ciwon ƙirji, a ɗaki ɗaya da falo, tsakanin keke da buhun ƙyallaye…

Ranar nan ta kasuwa. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ina cinikin albasa aka kama min hannu, Inna zo, Inna taimaka, aka ja ni bayan rumfar masu yadi, ga yarinya a ƙasa naƙuda ta kama ta, mata sun kewaye ta da zannuwa. Ina cewa ni fa wasa nake yi, ku kira ma'aikaciyar asibiti, wa ke ji na? Suka buɗe min hanya kamar an ga ruwan sama. Na durƙusa. Ban san komai ba, wallahi ko cibiya ban san ta inda ake kamawa ba. Sai bakina ya buɗe da kansa. Dube ni nan, 'yata. Ba ke kaɗai ba ce… duk wanda kika gani a kasuwar nan ta wannan hanya ya zo. Maganar shiri ce, ta wata fitowa can baya, da muryarki, da tsayawarki. Yarinyar nan ta kafe ni da ido, ta daina ihu, ta bi numfashina. Muka yi ta yi, ni da ita, har ma'aikaciyar ta iso ta ce in matsa. Na matsa. Na koma na ɗauki albasata. Da na ba ki labari ba ki yi dariya ba ranar. Kika ajiye allura, kika ce, to Allah ya sa mu gama lafiya da abin nan da muka ɗauko.

Mu. Ke kika ce mu.

Tsayawar nan kuwa… ai ita ce abin. Ita ce duk abin da suke yabo. Shirun Inna, haka suke kiransa. Yadda nake yanke magana a tsakiya, inda babu wanda zai yanke, in bar mutane a rataye, sannan in ƙarasa. Yara masu tasowa suna kwaikwayo, ba ya yi musu. Wani malamin jami'a ya zo da rakoda, ya zauna awa biyu yana tambayata a ina na koyi sarrafa shiru, wace makaranta, wane littafi. Na ce masa baiwa ce. Me zan ce? In ce masa yayata ce ke da asma? Cewa numfashinki ba ya kai ki ƙarshen layi, sai kin tsaya kin jawo iska, ƙirjin na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ni kuma ina ƙasa ina haddacewa har da tsayawar, don na ɗauka haka aka rubuta? Shekara uku ina yi kafin in gane. Na ce Yaya, ashe babu shiru a takardar? Kika ce wane shiru? Muka dubi juna. Kika yi dariya har sai da na ɗauko miki abin shaƙarki.

Daga baya na ce ko in daina. Kika ce kul. Abin da Allah ya ɗinka, ke ce za ki farke?

"Tashi, amarya, an gama da ke. Saura ki je ki sa mu kuka." Mai Hoda ke nan, ta buga min soso a kafaɗa. Ina tashi. Gwiwa ta ce ƙas. Takardun na hannuna, na naɗe su kamar wadda ta gama da su.

Doguwar barandar nan. Wayoyi kwance a ƙasa kamar macizai sun sha rana, ina tsallake su ɗaya-ɗaya, ƙafata ta san inda kowanne yake. Ana gaishe ni, ina amsawa, lafiya lau, lafiya lau, ya yara. Warin fenti da ƙurar katako… warin asibiti. Gado na uku daga taga. Roba a hancinki, kin rame har zoben mahaifiyarmu ya koma babban yatsa. Na ce ki bari, Yaya, don Allah ki bari, kika ce miƙo, takardun mako nawa suka ba ki? Na ce uku. Kika ce to uku za mu yi. Babu alli, da farce kika riƙa ja. Kalma biyu, ki tsaya. Kalma uku, ki tsaya, ki daɗe, idonki a rufe, har in miƙe zan kira ma'aikaciya, sai ki ɗaga yatsa, ki ci gaba daga daidai inda kika tsaya. Sau uku kowanne, ba ki rage min ko ɗaya ba. Matar gadon kusa ta juyo tana saurare, ta manta da nata ciwon.

Na zo na yi su yadda kika ba ni. Yaya zan yi, ba ni da wata hanyar. Na tsaya inda kika tsaya, na daɗe yadda kika daɗe. Da aka ce a tsaya, babu wanda ya motsa. Darakta ya cire hula yana goge ido da ita, ya ce Inna, tunda nake ban taɓa ganin irin wannan ba. Gari ya ɗauka, ana ta bugo waya. Ba su san abin da suka kalla ba. Numfashinki na ƙarshe suka kalla, Yaya, bayan labarai, suna cin abinci, ana sa tallan sabulu a tsakani. Ni na kai musu shi. Ban sani ba ko amana na riƙe ko sayar da ke na yi… har yau ban sani ba.

Biyu sun wuce. Na yau ne na uku, na ƙarshen abin da kika bar min, ina ta lallaɓa shi kamar ragowar turare. Shi ne aka ce an jefar. Ina da shi a kai, duka, yadda Ungozoma za ta wanke uban jariri tas don ya gudu ya bar matarsa a ɗakin haihuwa. Yana nan da muryarki, ba wanda zai taɓa jin sa.

Ga ɗakin. Ɗakin Ungozoma, bango uku babu rufi, taga da aka zana wa rana. Kullum in na shigo sai gabana ya faɗi, shekara ashirin da uku bai daina ba. Fitilu a sama kamar an tara ranaku goma wuri guda. Gadon ƙarfe, tasa, tawul, buta — ƙarya ce duka, butar ma a huje take — amma bari a kunna fitilun nan, a yi tsit, sai ya fi ɗakina zama gaskiya. Mutum talatin a cikin duhu suna riƙe numfashi saboda tsohuwa ɗaya za ta yi magana. Wace ce ni? 'Yar da aka cire daga aji uku…

Jariri na gaske suka kawo yau. Uwarsa na zaune a gefe a kan kujerar roba tana jijjiga shi, kwanansa goma sha biyu, an ce rabin awa kawai za a ba mu shi kafin zafin fitila ya dame shi. Ga Dogo, wanda ke fitowa a uban, yana zagaye yana motsa baki, takardarsa a hannu. Shi ya samu nasa. In matsa kusa in ji, ko zan tsinci bakin zaren? Layi biyu gare shi, na gani, gajeru. Sauran duk ƙarƙashin ƙoƙon nan ne.

Malam Kunne ya taso daga bayan teburinsa, mai ɗaukar sautinmu, tun ranar farko yana nan, gashinsa a gabana ya yi fari. Ba ya magana, shi ya sa aka sa masa sunan. Ya miƙo min ɗan makirfon, ya kau da kai kamar kullum har in maƙala shi a cikin wuyan riga, in zura wayar ta ƙasa. Ya koma, ya mayar da manyan abubuwan saurarensa a kunne, ya sunkuya kan na'urarsa.

Minti biyar. An sa ni a kan alamata, ɗan jan tef a ƙasa. Ana gwada haske a fuskata.

Yaya… Yaya, ban san abin da ke ciki ba. Ko kalma ɗaya. Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba, ke ce kike — ki taimake ni, ki taimake ni, ni kaɗai ce a nan…

A'a. Leɓuna ne suka motsa? A fili na faɗa? Ƙasa-ƙasa ne, ko Dogo da ke kusa bai juyo ba, amma —

Malam Kunne ya ɗago kai.

Daga can ƙarshen ɗaki, ta tsakanin ƙafafun kyamara, yana kallona. Hannunsa ɗaya a kan abin kunnensa. Innalillahi. Abin nan da ke ƙirjina. A kunne yake, kullum a kunne yake tun daga lokacin da na maƙala shi, ai na sani, kowa ya sani, har tsokanar sabbin 'yan wasa ake yi kada su shiga bayi da shi. Na sani, amma ban taɓa… Shekara ashirin da uku. Duk ƙunƙunin da nake yi a lungu kafin a fara. Yaya ta ce nan a hankali. Yaya ta ce kada in yi ihu a nan. Ranar da na tsaya a bayan bango ina cewa shafin da ke da maiƙo ne na biyu, mai lanƙwasa a kunne ne na uku. Duk a cikin kunnen mutumin nan suka zuba? Har bugun zuciyata yake ji, ya taɓa faɗa wa wani haka, ina wurin, na yi dariya…

Ya miƙe. Shi ke nan. Ga jaka ruwan ƙasa, ga mota, ga hannu ana ɗagawa.

"Ranka ya daɗe, makirfon Hajiya na shaƙewa. A ba ni minti huɗu, kuma a ja baya, hayaniya na shiga."

Darakta ya dubi agogo, ya dubi jariri, ya ɗaga hannu. Aka ja baya. Yana tahowa, yana jan ƙafarsa mai ciwo, bai dubi fuskata ba. Ya zare takardun daga hannuna kamar abin da ya saba yi kowace safiya, ya warware su, ya tsaya a gefena yana fuskantar bango.

"Gwaji za mu yi, Hajiya. Zan riƙa faɗa, ke dai ki saurara. Takardar da ta fi kusa da hannu ce na ɗauka."

Yana karantawa. Wayyo muryar nan, Yaya, da kin ji da kin toshe kunne. Shimfiɗe take kamar tabarma, babu hawa babu sauka, kamar mai karanta takardar magani. Kawo hannunka. Ba haka ba, buɗe shi. Kan ne mai nauyi, nan za ka tara. Kana rawa, to yi rawarka, ba zai faɗi ba, ina riƙe da ku duka biyun. Ashe ba faɗa ba ne. Ashe sun fasa wanke shi, koya masa ɗaukar ɗansa za ta yi. Kada ka ji kunya don ka gudu, kowa da inda ƙafarsa ke kai shi ranar farko. Shi ma bai san ka ba tukuna. Yau za ku fara, kai da shi, babu wanda ya riga wani…

Wa ya rubuta wannan? Yarinyar nan mai son tura ni tafiya? Ashe haka take da ciki?

Ya kai ƙarshe. Ya koma farko, bai tambaye ni ba. Yana taɓa wayar da ke bayana da ɗan yatsa don masu kallo su ga aiki yake. Ya gama na biyu. Darakta ya yi gyaran murya. Malam Kunne bai ko waiga ba, ya sake komawa sama, wannan karon ya faɗi layin Dogo ya yi shiru, yana jira. Yana jira in amsa. Har wannan ya sani…

Na amsa. Suna nan. Sun shiga, Yaya, ta kunnen nan dai da kika buɗe, sun sami wuri sun zauna, ko ɗaya bai zube ba. Ya naɗe takardun ya mayar min a hannu. "Ya gyaru," ya ce da ƙarfi, don darakta. Ya juya ya tafi da ƙafarsa mai ciwo. Ko na gode ban ce ba. Amma ai ya ji. Me ya rage da bai ji ba?

Sai dai tsirara suke. Kalmomin. Haka ya ba ni su, babu riga, babu ɗinki, a jere kamar yadi a kan teburi ba a sa masa almakashi ba. A ina ake tsayawa? A ina murya ke sauka? Ina lalubawa a cikin kaina inda kike zama, in ji ƙarar ƙirjin nan, in ji inda iska za ta ƙare miki… babu. Ɗakin a share yake.

An miƙo min jaririn. Ɗumi, Ya Rabbi, da rashin nauyi, kamar an naɗe burodi a tawul. Yana motsa baki cikin barci. Uwar ta koma gefe tana murza yatsu. Dogo ya durƙusa a gabana, idonsa ya riga ya kawo ruwa. An kashe fitilun baya. Duhu ya haɗiye mutum talatin, saura jan ɗigon nan a goshin kyamara.

"A yi shiru… A fara."

Kawo hannunka.

Ya fita. Da wace murya, ban sani ba, ta fi tawa kauri, ba ta kai taki ba. Dogo ya miƙo hannu. Saura ba haka ba, buɗe shi, yana nan a kan harshena, a shirye — ban faɗa ba. Na tsaya. Ba wanda ya ce in tsaya a nan. Ke ba ki taɓa ganin layin nan ba, ƙirjina kuma lafiya lau yake, iska ta ishe ni har ƙarshen shafi. To me ya tsayar da ni? Numfashin yaron nan ne a kan wuyan hannuna, sauri-sauri, ɗan mitsitsi? Hannun Dogo ne da ke rawa da gaske? Shirun yana tsawo, yana faɗi, ya cika ɗakin har inda rufi ya kamata ya kasance, kuma ba wanda ya ce a tsaya, ba wanda ya yi tari…

Na wa ne wannan, Yaya? In ba naki ba ne…

Na gaji, wallahi na gaji, ga hannun mutum a buɗe a gabana yana jira, kuma ban san ko yanzu ne ba, ko in ƙara kaɗan —